Finafinan Gidan Rajshri da Yadda Suka Shiga Gidajen Maraɗi

Rajshri kamfanin shirya finafinai ne da ke birnin Mumbai na ƙasar Indiya, kuma tun farkonsa hanya ɗaya aka san shi da ita: labarin gida, da aure, da zumunci, irin wanda uba zai zauna ya kalla tare da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Sunan kamfanin bai kama bakin masu kallo a ƙasar Hausa ba, domin a nan da sunan jarumi ake neman fim, ko da waƙar da ta fi daɗi a cikinsa. Amma finafinansa uku, Maine Pyar Kiya na 1989, da Hum Aapke Hain Koun na 1994, da Hum Saath-Saath Hain na 1999, sun yi tashe tun daga Kano har Maraɗi, kuma sun iso daidai lokacin da kallon fim yake barin gidan silima yana komawa tsakar gida.

Wanda ya kafa kamfanin shi ne Tarachand Barjatya. An haife shi a 1914 a garin Kuchaman na jihar Rajasthan, cikin zuriyar 'yan kasuwa mabiya addinin Jain, addinin da ya tsananta wajen hana kashe duk wani mai rai da cin nama. Ya buɗe Rajshri ranar 15 ga Agusta 1947, ranar da Indiya ta sami mulkin kai, da farko a matsayin dillalin finafinai mai karɓa daga masu shiryawa yana rarraba wa gidajen silima. Sai da ya shekara 15 a wannan sana'a kafin ya shirya fim nasa na kansa, Aarti, a 1962. Dillancin ya koya masa abin da ke cika kujeru a ƙananan garuruwa, ya kuma gane cewa fim yana cin kasuwa ko babu jarumi mai tsada a cikinsa. Dosti na 1964 ya tabbatar da haka: labarin abotar samari biyu ne, ɗaya makaho ɗaya gurgu, 'yan wasan ba wanda ya san su, amma da muryar Mohammed Rafi fim ɗin ya ɗauki kyaututtukan Filmfare shida, har da ta fim mafi kyau na shekarar.

Haka gidan ya ci gaba a shekarun 1970, da ƙananan finafinai masu sanyi irin su Geet Gaata Chal na 1975, Chitchor na 1976, da Dulhan Wahi Jo Piya Man Bhaaye na 1977. Zamanin kuwa na Amitabh Bachchan ne, zamanin saurayi mai fushi da ɗaukar fansa, na Zanjeer da Deewaar da Sholay. Rajshri bai bi wannan yayi ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 kasuwarsa ta ja baya ƙwarai.

A ƙasar Hausa, finafinan Indiya sun riga waɗannan shekaru zuwa. A Kano, Kwarori 'yan Labanan ne suka gina gidajen silima, tun daga Rex a 1937, kuma su ne suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950. Mother India na 1957 ya daɗe ana maimaita shi har tsara bayan tsara suka haddace shi. A ɓangaren Nijar kuwa, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe rabon finafinai a ƙasashen renon Faransa, suna cika majigi da na kaboyi, da na Masar, da na Indiya, saboda arharsu. Maraɗi a lokacin gari ne mai tasowa. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta sa an tashi tsohon gari daga kwari an mai da shi kan tudu, kuma cinikin gyaɗa ya jawo baƙi da 'yan kasuwa da leburori, har sababbin unguwanni irin Sabon Gari suka kafu a gefen na asali. Daga cikin waɗannan samari masu ɗan kuɗin kashewa da dare silima ta sami jama'arta.

Sai dai silima wurin maza ne. Matar aure ba ta zuwa, budurwar gidan mutunci ba ta zuwa, dattijo ma yana jin nauyin a gan shi a ƙofarta, kuma macen da aka gani a ciki an riga an yanke mata hukunci. Saboda haka abin da ya fi tafiya a can shi ne fim mai duka da tsere da bindiga: Dharmendra, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, da Amitabh, daga baya kuma 'yan kareti na Sin. Fim ɗin da aka shirya domin iyali ba shi da iyalin da zai tarar a wannan wuri.

Kaset ɗin bidiyo ne ya sauya lamarin. A shekarun 1980 zuwa 1990 Kano ta zama cibiyar kwafar kaset, musamman kasuwar Ƙofar Wambai, inda ake samo uwar kwafi ta finafinan Indiya ta hanyar Dubai, a jera na'urori a buga ɗaruruwa. Daga nan hanyar a buɗe take: Kano zuwa Katsina, Katsina zuwa Jibiya, a ƙetare iyaka ta Ɗan Isa a shiga Maraɗi, tsohuwar hanyar da alhazan Maraɗi suka daɗe suna bi da atamfa da man fetur da kayan masarufi. Naira tana faɗuwa a waɗannan shekaru, kayan Najeriya suna arha ga mai riƙe da sefa. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin shigo da fim na majigi ya ninka, gidajen silima na ƙasashen renon Faransa suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gidan kallo ya gaje su: rumfa ko zaure, da benci, da talabijin ɗaya, da bidiyo, a biya 'yan daloli a shiga. Inda wutar lantarki ba ta wadata ba, kamar ƙauyukan da ke kewaye da Tibiri da Jiratawa, janareta ke riƙe da dare. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bidiyon da ya shiga ɗakin matar aure. Gidan da ke da shi yakan tara matan maƙwabta da 'yan mata da yara, a yi hayar kaset a kalla tare, sau da yawa da rana bayan an gama aikin gida. Matan kulle, waɗanda silima ba ta taɓa gani ba, suka zama manyan masu kallo, kuma da su aka sami masu son labarin da ba duka a ciki.

A daidai wannan gaɓa jikan mai kamfanin, Sooraj Barjatya, wanda bai kai shekara 30 ba, ya fito da Maine Pyar Kiya a ƙarshen Disambar 1989, da sababbin fuskoki biyu, Salman Khan da Bhagyashree. Labarin mai sauƙi ne. Wani makanike ya tafi Dubai neman kuɗi, ya bar 'yarsa Suman amana a gidan tsohon amininsa da ya zama attajiri. Ɗan gidan, Prem, ya kamu da sonta. Attajirin ya ga talaka na neman haɗa jini da shi saboda dukiya, ya ci mutuncin amininsa. Abin da Prem ya yi bayan nan shi ne ya ba fim ɗin daraja a idon iyaye: bai gudu da yarinyar ba. Ya bar gidan ubansa ya bi su ƙauye, uban yarinyar ya gindaya masa sharaɗin ya kawo rupi 2,000 na guminsa, ya shiga fasa dutse da tuƙin babbar mota har ya cika. Aure bai yiwu ba sai da iyayen biyu suka shirya. Waƙoƙin Lata Mangeshkar da S. P. Balasubrahmanyam, da tantabarar da ke kai wasiƙa tsakanin masoyan, su ne abin da yara suka riƙe, amma ƙashin bayan labarin tambaya ce da kowane gida a Maraɗi ya sani: wa ke da ikon zaɓar wa yarinya miji, kuma me talauci ke hana mutum? Fim ɗin ya ceto kamfanin daga durƙushewa, aka juya shi zuwa Turanci da Sifaniyanci, ya yi kasuwa har Guyana da Trinidad da Peru.

Ya kuma zo daidai da tasowar littattafan soyayya a Kano, waɗanda ke kai wa Maraɗi ta hanyar da kaset ke bi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, suna tattauna auren dole da bambancin mai kuɗi da talaka da matsayin mace a gidan miji. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa Hausawa sun sami a finafinan Indiya wata duniya mai kama da tasu, wadda ke kokawa da zamani ba tare da ta zama Turai ba: mata sun rufe jiki, ana jin kunyar surukai, maganar uba tana da nauyi. A duk gidajen fim na Indiya babu wanda wannan bayani ya fi dacewa da shi kamar Rajshri.

Hum Aapke Hain Koun, wanda ya fito ranar 5 ga Agusta 1994 da Salman Khan da Madhuri Dixit, shi ne ƙololuwar wannan salo. Sabunta wani tsohon fim ɗin kamfanin ne, Nadiya Ke Paar na 1982, aka ɗauke shi daga ƙauye aka kai shi gidan masu hali. Ya haura awa uku, yana da waƙoƙi 14, babu mugu ko ɗaya a cikinsa, kuma fiye da rabinsa biki ne: neman aure, baiko, ɗaurin aure, kai amarya, goyon ciki, haihuwa. Masu sharhi a Indiya sun yi masa ba'a da cewa bidiyon biki ne kawai aka tsawaita. Jama'a ba su saurare su ba, ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya tara sama da rupi biliyan 1. A can, kamfanin ya ƙi sakin kaset ɗinsa da wuri, ya kuma zaɓi gidajen silima masu tsabta kaɗai, domin ya dawo da iyalai kallon majigi bayan bidiyo ya kore su. A ƙasar Hausa ta kaset ɗin da aka kwafa ya shiga gidaje, kuma da wuya a ce wani abu daga kuɗin hayarsa ya koma Mumbai.

Abin da aka yi wa ba'a a Indiya shi ne abin da ya fi jan matan Hausa, domin biki fagensu ne, kuma sun kalli na wasu da idon masana. Sun ga lalle a hannun amarya, sun ga kayan da ake jerawa, sun ga wasan da ke tsakanin ƙanen miji da matar wa, sun ga kukan rabuwa ranar kai amarya. Inda ƙannen amarya suka ɓoye takalman ango suka ce sai an biya, ba wanda ya nemi bayani, domin a nan ma abokan ango suna biyan ƙawayen amarya kuɗin sayen baki. Samarin labarin biyu, Rajesh da Prem, marayu ne da ɗan'uwan mahaifinsu ya riƙa kamar shi ya haife su, kuma riƙo abu ne da ake yi a kowace unguwa. Har masifar da ta juya labarin ba baƙuwa ba ce: matar Rajesh ta faɗo daga matakala ta rasu ta bar jariri, manya suka yanke shawarar a ba shi ƙanwarta Nisha domin ta riƙe ɗan, alhali ita da Prem sun riga sun yi alkawari a ɓoye. A ƙasar Hausa ma akan mai da ƙanwa ɗakin yayarta da ta rasu, shari'a ba ta hana ba. Nisha da Prem suka haɗiye abin da ke ransu saboda kunya da biyayya, sai da wasiƙarta ta faɗa hannun Rajesh ta bakin karen gidan, shi kuma ya janye da kansa. Masoya sun sami juna, ba a saɓa wa kowa ba, ba a kunyata kowa ba. Wannan ita ce dabarar Rajshri, kuma ita ce ta sa uwa da 'ya suke iya kallon fim ɗaya kowace ta tashi da abin da take so.

Hum Saath-Saath Hain na 1999 ya taɓa wurin da ya fi ciwo. An gina shi a kan tsohon labarin Ramayana na Hindu, amma mai kallo a Sabon Gari ba ya buƙatar sanin haka. Attajiri ne da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, babban, Vivek, ɗan matarsa ta fari ce da ta rasu. Matar gidan ta riƙe shi tamkar nata, har ƙawayenta suka zuga ta cewa in ba a raba dukiya tun yanzu ba, ɗan miji zai danne 'ya'yanta. Vivek ya bar gidan ba tare da ya ɗaga murya ba, ƙanensa Prem kuma ya ƙi hawa kujerarsa. A garin da manyan gidajen kasuwanci suke tashi da sunan mutum ɗaya, suke kuma fuskantar rabon gado bayan ransa, 'yan ubanci da zugar ƙawaye ba tatsuniya ba ne.

Akwai batun harshe. Kaset ɗin Kano, in ma yana da rubutun fassara a ƙasa, da Turancin Ingilishi ne, wanda bai amfani ɗan lakwal ɗin Nijar da ya yi karatu da Faransanci ba, balle wadda ba ta shiga aji ba. Da ido ake fahimtar labari, sai kuma taimakon wanda ya riga ya gani sau da yawa yana ba na kusa da shi bayani. Finafinan Rajshri sun fi sauran sauƙin karantawa ta wannan hanya, saboda matsayin kowa a bayyane yake a jikinsa: wa ke durƙusawa ya taɓa ƙafar wa, wace ce ke jan mayafi in suruki ya shigo, wa ke zuba abinci, wa ke fara ci. 'Yan wasan ma ba sa canza matsayi. Alok Nath uba ne ko kawu, Reema Lagoo uwa ce, jarumin kuma Prem ne sunansa a kowane fim na Sooraj na wancan zamani. Yara da 'yan mata sun haddace waƙoƙin ba tare da sanin ma'anarsu ba, masu bege da bandiri a Kano kuma suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya.

Karɓuwar ba ta rasa masu suka ba. Malamai, musamman bayan ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi, sun yi wa'azi a kan finafinan Indiya gaba ɗaya: bautar gumaka da ake nunawa a fili, rawar mace da namiji, da shagaltar da mata da yara daga karatu da ibada. Finafinan Rajshri ba su kuɓuta daga zargi na farko ba, domin addinin Hindu ya ratsa su ciki da waje, da ɗakin bauta a kowane gida da addu'a a kowane biki. Yawancin masu kallo sun ɗauki wannan a matsayin al'adar masu fim ɗin, suka wuce zuwa labari. Akwai kuma sukar da ta fi wannan dacewa da finafinan su kansu. Gidan Rajshri na shekarun 1990 gidan masu kuɗi ne ƙwarai, inda ba a maganar tsadar hatsi, bayin gida kullum cikin fara'a suke, kuma kusan duk sadaukarwar da ake yabo mace ce ke yin ta. Zumuncin da suke nunawa kyakkyawa ne, amma an sauƙaƙa masa hanya da dukiya. Babu kishiya, babu saki, abubuwa biyu da rayuwar aure a Maraɗi ba ta cika ba tare da an ambace su ba.

Wannan giɓi finafinan Hausa ne suka cike shi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kuma Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999 ya tabbatar da cewa waƙa da rawa ke sayar da kaset. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bayyana ginshiƙai uku da masana'antar ta ɗauko daga Indiya: soyayyar mutum uku, auren dole, da waƙa da rawa. Masu shirya fim na Kano sun ɗauki falon attajiri, da taron dangi, da waƙar biki, sannan suka shigo da kishiya da uwar miji da zawarci, abin da ya mai da labarin nasu. Maraɗi ta zama babbar kasuwar waɗannan finafinai tun da harshe ɗaya ne, ta kuma ba masana'antar mutane, cikinsu har da mawaƙiya Fati Nijar, haifaffiyar garin. Daga shekarun 2000 fim ɗin Hausa ya karɓe wurin da na Indiya ya riƙe a ɗakunan mata, duk da takurar hukumar tace finafinai da Jihar Kano ta kafa a 2001.

Rajshri bai daina ba. Vivah na 2006, da Shahid Kapoor da Amrita Rao, labarin marainiya ne da auren haɗi, inda amarya ta ƙone ana gab da biki ango kuma ya ƙi fasawa, kuma kamfanin ya sake shi a intanet rana ɗaya da gidajen silima. Ya iso ƙasar Hausa a zamanin faifan CD. Prem Ratan Dhan Payo na 2015 ya tarar da wata kasuwar dabam, ta fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita a Kano, wadda ta fi karkata ga finafinan faɗa na kudancin Indiya, da ta masu tura fim a waya a bakin kasuwa. Kallon taro a ɗaki ɗaya ya ragu, tun da kowa da allonsa a hannu. Kamfanin yana nan a hannun zuriyar Barjatya, Sooraj ya sami kyautar gwamnatin Indiya ta darakta mafi ƙwarewa da fim ɗinsa Uunchai na 2022, kuma da yawa daga tsofaffin finafinan gidan suna kan shafinsa na YouTube, inda mai waya a Maraɗi ko Tibiri zai kalle su ba tare da ya bi ta hannun mai kwafa ba.